Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Kwamishinan 'Yan Sandan Jihar Bauchi Kan Gidan Harsashin da Ake Ɗaurewa a Jikin Bindiga



Na rubuto wannan wasiƙa daga Miri, ƙofar shiga garin Bauchi ga duk wanda ya taso daga Jos ya ratso Toro da Nabordo da Zaranda. Mutanen da ke zaune a bakin babbar hanya sun fi kowa haɗuwa da jami'in tsaro yana bakin aiki, saboda haka sun fi kowa sanin abin da yake rataye da shi. Akwai wani abu da ido ya saba gani a manyan hanyoyin Najeriya har ya daina lura da shi: jami'i riƙe da AK-47, an haɗa gidajen harsashi biyu an naɗe su da baƙin salatif ko da robar tayar babur, ɗaya yana cikin bindiga, ɗayan kuma yana manne da shi, sau da yawa bakinsa na kallon ƙasa. Roƙona a gare ka shi ne ka hana wannan ɗaurin a aikin yau da kullum, ka sa gidan harsashi na biyu ya koma jikin jami'i a cikin aljihun da hukuma ta ba shi, kuma ya shiga rajistar ma'ajiyar makamai da lambarsa da adadin abin da ke cikinsa. Zan kawo dalilaina, kuma ba zan kauce wa hujjojin da na san za a mayar mini ba, domin wasu daga cikinsu suna da nauyi.

Adalci ne a fara da dalilin wanda ya yi ɗaurin. Gidan harsashin AK-47 na ɗaukar harsashi 30, bindigar kuma idan aka sake ta tana fitar da kimanin 600 a minti ɗaya, wato gida guda yana iya ƙarewa cikin daƙiƙa uku. Mutumin da aka tsayar a kan hanya da dare, wanda ya san abokan aikinsa da aka yi wa kwanton ɓauna, ba abin mamaki ba ne idan ya so ya ji harsashinsa na biyu a tafin hannunsa. Bauchi kuma ba baƙuwa ba ce ga irin ranar da ake tsoro. A wannan gari ne rikicin Boko Haram ya fara ɓarkewa ranar 26 ga Yuli, 2009, da harin da aka kai ofishin 'yan sanda na Dutsen Tanshi, kafin wutar ta kama Maiduguri da Potiskum da Wudil. A nan ne kuma aka fasa gidan yari ranar 7 ga Satumba, 2010, fursunoni 721 suka fice. A shekarun baya-bayan nan dajin Lame-Burra da ke tsakanin Toro da Ningi, da ƙasar Duguri da Gwana a Alkaleri, sun sha fama da masu garkuwa da mutane. Don haka ba na cikin masu cewa ɗan sanda ya fita da abin da ba zai ishe shi ba. Tambayar ita ce a ina ya kamata harsashin ƙari ya zauna, kuma wa ya san adadinsa.

Sojojin duniya sun daɗe suna gwada amsoshin wannan tambaya, kuma tarihin gwajin yana da abin koyo. A Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Amurka masu riƙe da ƙaramar bindigar M1 sun gano cewa jakar ɗamara mai ɗaukar gidaje biyu, kowanne da harsashi 15, tana iya shiga gindin bindigar ta zauna daram, sai suka riƙa zura ta a can. A wannan yaƙin dai wasu suka fara naɗe gidaje biyu da tef, abin ya yaɗu har a lokacin Yaƙin Koriya na 1950 zuwa 1953 aka riƙa amfani da wani maƙalin ƙarfe da aka ƙera musamman don haɗa gidaje biyu masu harsashi 30. Daga baya wasu masu ƙera makamai suka shigar da dabarar cikin ƙirar gidan kansa: bindigar SG 550 ta sojojin Suwizalan da G36 ta sojojin Jamus suna da gidajen roba mai garai-garai, masu 'yan ƙusoshi a gefe da ke ba su damar kama juna. A ɗaya ɓangaren kuma Sin ta bi wata hanya dabam. Tare da bindigarta samfurin 56, wadda kwafin Kalashnikov ce kuma ta cika ƙasashen Afirka, ta fito da ɗamarar ƙirji ta yadin tamfol mai manyan aljihuna uku, kowanne da murfi da maɓallin katako. Mayaƙan Biyetnam sun yi yaƙi da ita, sojojin Tarayyar Sobiyet kuma da suka gan ta a Afganistan tsakanin 1979 da 1989 suka kwaikwaye ta. A yau idan aka dubi rundunonin da suka fi horo da kayan aiki, za a tarar mafi yawan harsashin ƙari a ƙirji ko a ƙugu yake, a rufe. Waɗanda suka ƙera gidaje masu kama juna ma sun tsayar da su kafaɗa da kafaɗa, bakunansu duka suna kallon sama. Babu wata masana'anta da ta ba da shawarar a kifa gidan harsashi a naɗe shi da salatif.

Dalilin haka a bayyane yake ga duk wanda ya taɓa duba yadda abin yake aiki, kuma ka fi ni sani, ranka ya daɗe. Gidan harsashi akwati ne mai sifirin a ciki, yana tura harsashi sama zuwa wasu leɓɓa biyu na ƙarfe da ke riƙe da na ƙarshe har bindiga ta ɗauke shi. Lafiyar bindigar duka tana rataye da waɗannan leɓɓa. Idan suka lanƙwashe ko yashi ya shiga tsakaninsu, bindiga ta cije. Gidan da ke cikin bindiga bakinsa a rufe yake, wanda ke cikin aljihu ma haka, amma wanda aka ɗaure a gefe bakinsa a buɗe yake yini da kwana. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana shiga ko'ina a Bauchi, har cikin akwatin da aka kulle, balle jami'in da ke tsaye inda tirela da tanka ke wucewa suna bula masa ƙasa. Damina ta zo, ruwa ya shiga ƙarƙashin salatif ya kwanta a kan ƙarfe, tsatsa ta kama inda ido ba ya gani. Zafin bazara kuma yana narkar da gam ɗin, ɗaurin ya yi sako-sako. Idan aka buɗe wa jami'i wuta ya faɗi ƙasa don neman mafaka, abin da zai fara taɓa ƙasa shi ne bakin wannan gidan da aka kifa. An yaba wa Mikhail Kalashnikov saboda bindigar da ya ƙera a 1947 tana jure ƙazanta fiye da takwarorinta, amma juriyarta tana da iyaka, kuma masu gyaran bindiga ko'ina sun san cewa yawancin cijewar irin waɗannan makamai daga gidan harsashi take farawa. Sai kuma nauyi. Gida ɗaya cike da harsashi mai kaurin milimita 7.62 ya haura gram 800, ya doshi kilo guda, kuma abin da ke riƙe da shi a jikin bindiga ɗan haƙori ne a gaba da ƙaramin maƙali a baya. An ƙera su don ɗaukar gida ɗaya. Idan aka ninka musu kaya, ana jijjiga su a bayan mota a kan hanyoyin karkara wata da watanni, maƙalin zai ci, gidan ya riƙa girgiza a mazauninsa. Mutumin da ya yi ɗaurin don ya tsira da ransa yana iya tarar da cewa a daidai daƙiƙar da ya juya gidan na biyu, abin da ya shigar cike yake da ƙasa.

Akwai wani haɗarin da ya shafi duk hanyoyin maƙala harsashi a jikin bindiga, ko da na masana'anta ne, ko jakar gindin bindiga ce. Duk wanda ya ƙwace bindigar ya tafi da komai. Kai wa 'yan sanda hari don kawai a ƙwace makamansu abu ne da aka sha gani a ƙasar nan, kudu da arewa. Idan harsashin ƙari yana ƙirjin jami'i, ɓarawon da ya fizge bindiga ya gudu ya samu 30. Idan an naɗe masa su wuri ɗaya, ya samu 60, kuma rabin na biyu mu muka haɗa masa. Ga ɗan bindigar daji harsashi ya fi bindiga wuyar samu, domin bindiga ɗaya tana shekara da shekaru a hannunsa, harsashi kuwa kullum ƙarewa yake, kullum sai an kawo masa sabo. Shi ya sa kamun da jami'an tsaro ke yi a hanyoyin arewa sau da yawa na masu safarar harsashi ne, a cikin buhunan hatsi ko jarkokin manja.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi damuna, wato lissafi. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019, wanda ya fito fili a farkon 2022, ya ce zuwa Disamban 2018 makamai da harsasai 178,459 na rundunar 'yan sanda ba a san inda suke ba, daga ciki har da AK-47 guda 88,078. Ya ƙara da cewa zuwa Janairun 2020 akwai wasu bindigogi 3,907 da ba a iya ba da bayaninsu ba. Na san hedikwatar runduna a Abuja ta yi jayayya da waɗannan alƙaluma lokacin da Majalisar Dattawa ta sake tayar da maganar a 2025, tana cewa wasu makaman suna hannun jami'an da ke bakin aiki sa'ad da masu bincike suka je, wasu kuma an ƙwace su ne a hare-haren da aka kashe masu riƙe da su. Ko da an karɓi wannan bayani gaba ɗayansa, abin da ya nuna shi ne takardun ba su iya gamsar da wanda doka ta ɗora wa alhakin duba su ba. To bindiga ke nan, mai lambar da aka buga a jikin ƙarfenta. Ina ga harsashi, wanda ba shi da lambar kansa, yana shiga aljihun wando, kuma yana da masu saye a daji? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma gidan harsashin da aka naɗe da salatif tsaga ce. Gidan AK na ƙarfe ne, ba a ganin cikinsa. Hanyar tabbatar da adadin da ke ciki ita ce a zazzage a ƙirga. A ofishin da bindiga ɗaya ke zagayawa tsakanin masu aikin rana da na dare, kowa a gajiye, wa zai tsaya warware ɗauri don ƙirga harsashi 60? Abin da ya fi sauƙi shi ne a miƙa a karɓa a sa hannu. Idan aka yi haka sau ɗari, ranar da aka buɗe aka ga giɓi babu wanda zai iya cewa a hannun wa ya faru.

Ba wani sabon sharaɗi nake ƙirƙira ba. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya kan amfani da ƙarfi da bindiga ga jami'an tsaro, waɗanda aka amince da su a Havana a 1990, sun buƙaci kowace hukuma ta tsara yadda jami'i zai ba da bayanin bindigar da aka ba shi da kuma harsashin da aka ba shi, an ambaci biyun a tare. Yarjejeniyar ECOWAS kan ƙananan makamai, wadda aka sa wa hannu a Abuja ranar 14 ga Yuni, 2006, ta saka harsashi a cikin sunanta, kuma ta ɗora wa ƙasashe nauyin tsare rumbunan makamansu da rajistarsu. A 2021 Gwamnatin Tarayya ta kafa cibiyar hana yaɗuwar ƙananan makamai a ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. Duk waɗannan takardu da ofisoshi suna komawa ne ga abu guda da ke faruwa da ƙarfe shida na safe a gaban tagar ma'ajiyar makamai: an ƙirga ko ba a ƙirga ba.

Wanda yake ganin ƙirga harsashi aikin takarda ne kawai ya tuna da shari'ar da aka yi a Legas. Ranar 25 ga Disamba, 2022, an harbe wata lauya, Bolanle Raheem, a cikin motarta a Ajah, a wurin da 'yan sanda suke tsayar da motoci. Jami'in da aka tuhuma, Drambi Vandi, ya musanta cewa shi ya yi harbin. Daga cikin shaidun da aka gabatar wa kotu akwai cewa da aka ƙirga harsasan bindigarsa bayan faruwar abin, an tarar biyu sun ragu daga adadin da aka ba shi. A Oktoban 2023 babbar kotun jihar ta same shi da laifi ta yanke masa hukuncin kisa. Abin lura a nan shi ne ƙirgar da ta kama mai laifi ita ce kuma ta wanke abokan aikinsa da ke tsaye tare da shi a ranar. Rajista mai tsafta garkuwa ce ga jami'i nagari, domin idan aka yi harbi a taron jama'a kowa yana nuna wanda ya ga dama, kuma abin da zai fitar da shi daga zargi shi ne harsashinsa ya dawo cif. Da a ce waɗancan jami'ai suna yawo da gida na biyu wanda ba a san adadinsa ba, da mai laifi ya cike giɓinsa kafin a iso ofis, da kuma zargi ya rataya a wuyan kowa har abada. Yaron da ke sayar da fetur a gidan mai ba ya barin famfo sai an karanta mita tsakaninsa da wanda zai karɓe shi, kuma ba wanda ya ɗauki wannan a matsayin cin mutunci. Abin da ke iya ɗauke ran mutum bai kamata lissafinsa ya gaza na litar mai ba.

Za a ce mini ganin gidaje biyu a jikin bindiga yana tsorata miyagu, kuma tsoron nan kansa tsaro ne. Ban yarda ba. Ɗan bindigar da ya yi niyyar kai hari ya san AK fiye da yawancinmu, salatif ba ya razana shi, wataƙila ma kwaɗayi yake sa masa. Wanda abin ke tsoratarwa shi ne direban da ya ɗauko kayan miya daga Jos, da ɗan acaɓa, da matar da ta rungumi jariri a kujerar baya, da 'yan makarantar da ke tsallaka titi. Su ne kashi mafi rinjaye na waɗanda jami'in shinge ke haɗuwa da su daga safe zuwa dare. Akwai kuma abin da ya fi wannan ciwo: wannan ɗaurin shi ne ainihin abin da mutane ke gani a hotuna da bidiyon 'yan bindigar dajin Zamfara da Katsina. Ƙauyawan da masu kakin bogi suka taɓa tarewa a hanya suna neman alamar da za su bambanta hukuma da ɓarayi tun daga nesa, kuma tsabtar kayan aiki tana cikin alamun. Umarnin Runduna mai lamba 237, wanda aka sabunta a 2019 zamanin Sufeto Janar Mohammed Adamu, ya mayar da harbi matakin ƙarshe, bayan duk wata hanya ta gaza kuma rai yana cikin haɗari. Sashe na 33 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tsare wa kowane ɗan ƙasa ransa. Bindigar da aka shirya don ɓarin wuta babu tsayawa tana faɗa wa mai riƙe da ita, da mai kallonta, wani abu da ya saɓa wa waɗannan rubuce-rubuce biyu.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta sauri, kuma ba zan raina ta ba. Gaskiya ne sauya gidan da ke manne a gefe ya fi ciro wani daga aljihu sauri, ko da da ɗan kaɗan ne, kuma a musayar wuta ɗan kaɗan ɗin yana iya zama rai. Amma wannan riba sau ɗaya tak ake cin ta, a sauyin farko, kuma sai idan gidan yana da tsafta. Sannan bambancin yana raguwa ƙwarai ga wanda ya samu horo, domin hannu yana koyon hanyar aljihu idan aka maimaita masa. A nan ne gaskiyar magana take: ɗaurin salatif yana cike gurbin atisayen da ba a yi ba ne. Bauchi kuwa ba ta rasa inda za a yi shi ba, ga makarantar horar da 'yan sanda a Yelwa, ga rundunar kwantar da tarzoma, ga sojoji a barikin Shadawanka waɗanda ake aikin haɗin gwiwa da su. Duk da haka na yarda akwai aikin da ya bambanta. Tawagar da za ta shiga Lame-Burra ko dazuzzukan Alkaleri neman masu garkuwa ta san cewa faɗa take nema, kuma idan kwamandanta ya ga akwai buƙatar haɗa gidaje biyu, a bar masa wannan hukunci. Sai dai ya zama da maƙalin da aka ƙera don aikin, wanda hukuma ta saya, bakunan suna kallon sama, a rubuta wa aka ba, a karɓe idan an dawo. Abin da bai dace ba shi ne dabarar fagen daga ta zama kayan ado na mai duba takardun mota.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ake fara jefa wa duk wata shawara. Na san jami'ai da yawa suna sayen takalmi da kaki da kuɗin aljihunsu, kuma wanda ba a ba shi ɗamara ba dole ya nemi inda zai sa gidan harsashinsa, salatif kuma shi ne mafi araha. Wannan ma hujja ce a gare ni, domin ta nuna laifin ba na kurtu ba ne. Amma a cikin duk kayan da ɗan sanda ke buƙata, daga mota zuwa rigar sulke zuwa na'urar sadarwa, babu mai arha kamar aljihun harsashi. Yadi ne mai kauri da zare da maɓalli. Ɗamarar da Sin ta yi fiye da shekara sittin da suka wuce ba ta da wani sirrin da ya fi ƙarfin masu ɗinkin tamfol da jakunkuna na kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal, idan aka ba su samfuri da awo, aka kuma sa hukuma ta duba ingancin abin da suka ɗinka. Asusun Tallafa wa 'Yan Sanda da aka kafa da doka a 2019 an yi shi ne don horo da kayan aiki. Kamfanin ƙera makamai na DICON yana Kaduna tun 1964. Gwamnatocin jihohi, har da tamu, sun saba ba rundunonin tsaro gudummawar motocin sintiri, kuma kuɗin mota ɗaya zai ɗinka wa jami'ai masu yawa ɗamara. Lambar da za a buga a jikin kowane gidan harsashi kuwa fenti ne da ɗan ƙarfen hatimi. Idan kwamishina ya sa wannan a jerin buƙatunsa, ba na jin akwai gwamnan da zai ce ya fi ƙarfinsa.

Wataƙila a ce irin wannan umarni daga Abuja ya kamata ya fito. Zan yi murna idan Sufeto Janar ya mayar da shi doka ga ƙasa baki ɗaya, amma sashe na 215 na Kundin Tsarin Mulki ya sa 'yan sandan da ke cikin jiha a ƙarƙashin umarnin kwamishinanta, bisa ikon Sufeto Janar. Yadda jami'i zai fito fareti, da abin da mai kula da ma'ajiyar makamai zai duba kafin ya sa hannu, suna cikin abin da takarda ɗaya daga ofishinka zuwa ga manyan jami'an shiyya da na ofisoshin ƙananan hukumomi 20 za ta daidaita. Tasirin kuma ba zai tsaya a kan 'yan sanda ba. 'Yan banga da mafarauta da ke taimaka wa hukuma a ƙauyuka, waɗanda da yawansu suka ba da rayukansu a wannan aiki, suna kwaikwayon abin da suka ga mai kaki yana yi. Idan suka ga ana ƙirga wa sufeto harsashinsa a gaban kowa, zai yi sauƙi a nemi su ma su ba da lissafin abin da ke hannunsu.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ina roƙonka ka ba da umarni a cire salatif da roba daga gidajen harsashin duk jami'in da ke aikin shinge, sintirin gari, gadin banki da rakiyar manya. A ba kowa aljihu mai murfi kafin a hana shi abin da ya saba da shi, don kada umarnin ya zama an raba shi da harsashinsa ne kawai. A buga wa kowane gida lamba, a rubuta ta kusa da lambar bindiga, a ƙirga harsashi ɗaya bayan ɗaya a gaban mutum biyu duk lokacin miƙa aiki, kuma wani babban jami'i daga hedikwata ya riƙa kai ziyarar ba-zata yana buɗe rajistar. Jami'in da ya kawo rahoton ɓatan harsashi da kansa a saurare shi da adalci, domin idan hukuncin mai faɗin gaskiya ya yi daidai da na mai ɓoyewa, kowa ɓoyewa zai yi. Ka fara da ofisoshin da ke kula da hanyoyin shiga Bauchi, ta Jos da ta Kano da ta Gombe da ta Maiduguri da ta Dass, sannan ka sanar da jama'a ranar da umarnin zai fara aiki, domin mu da ke bakin hanya mu san abin da ya kamata mu gani, mu kuma san inda za mu kai rahoto idan muka ga saɓaninsa.

Allah ya tsare ka da jami'anka, ya ba jiharmu zaman lafiya.

Wassalam.

Naka,
Wani mazaunin Miri, Bauchi.